Kafin A Ɗaga Bulala, A Duba Kunnen Yaro

Karatun Alƙur'ani ta kunne yake shiga: malami ya biya, almajiri ya saurara ya maimaita, haka aka karɓe shi baki da baki tun zamanin Manzon Allah (SAW). A Suratun Nahli, aya ta 78, ji aka fara ambata kafin gani cikin ni'imomin da Allah Ya yi wa ɗan Adam. Duk da haka, a makarantun allo da Islamiyyun Minjibir, Kunya da Wasai, akan sami yaron da ake dūka a kan taurin kai ko daƙiƙanci, alhali jinsa ne ya yi rauni.

Alamomin a bayyane suke ga mai lura. Jaririn da ƙara mai ƙarfi ba ta firgita shi, ko ya kai wata 6 ba ya waiwayar muryar mahaifiyarsa, ko ya shekara 2 bai fara furta kalmomi ba, yana buƙatar gwaji. Haka yaron da ba ya amsawa idan an kira shi ta baya, ko yake zura wa bakin malami ido, ko kunnensa ke zubar da mugunya. Sanƙarau, wanda ya yi mana ɓarna a 1996, da ƙyanda da hangum duk suna kurmantarwa. Wanda ya tashi daga cikinsu a gwada jinsa ko da ya ga sauƙi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara ana iya kare shi. To, ina uzurinmu? A fara da Babban Asibitin Minjibir. Idan abin ya fi ƙarfinsu, akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake auna ji da na'ura. A daina ɗura mai ko jiƙo a kunne, a daina sosa shi da tsinken ashana. Wanda jinsa ya riga ya tafi kuwa, makarantar Tudun Maliki a Kano tana koyarwa da maganar hannu.

Ya ku iyaye da malamai, neman magani umarnin Annabi ne, kuma ba ya cin karo da tawakkali. Dukan yaro a kan abin da bai ji ba zalunci ne, za a kuwa tambaye mu kiwon da aka ba mu. Allah Ya kiyaye mana jinmu da na zuriyarmu, amin.