Kifin Dam ɗin Shagari, wa ke gadinsa?

Idan kana yawan leƙa TikTok, wataƙila ka taɓa cin karo da bidiyon Bature tsaye cikin rafi, ya yini yana fatsa da ƙugiyar da aka yi wa ado da gashin tsuntsu ta koma kamar ƙwaro. Da kifi ya kama, sai ya ɗauki hoto ya mayar da shi ruwa. Na san abin da ka ce: wannan ai ƙoshi ne. Da gaskiyarka, mu nan wanda ya kama tarwaɗa tukunya za ta. Amma tsaya ka ji abin da bidiyon bai nuna maka ba.

Masu irin wannan fatsar ƙungiyoyi gare su. A Amurka akwai Trout Unlimited, wadda wasu masu fatsa suka kafa a jihar Mishigan a 1959. Kuɗin da 'yan ƙungiya ke biya da shi ake dasa itatuwa a gaɓar rafi, a kwashe shara, a je gaban hukuma a ƙalubalanci mai zuba dagwalo a ruwa. Lissafinsu mai sauƙi ne: in rafi ya mutu, fatsa ta ƙare.

To, ba sai mun je Amurka aro ba. Leƙa maƙwabtanmu na Argungu. Kogin Matan Fada ba a shigarsa da koma yadda aka ga dama. Hana su ake yi a cikinsa, Sarkin Ruwa da mutanensa na sa ido, sai ranar biki a buɗe shi na ɗan lokaci. Wannan giwan ruwan da kake gani ƙarti na ciccibowa a hoto, hutun da aka ba kogin ne ya girmar da shi. Tun 1934 ake bikin a sigarsa ta yanzu, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Mu kuwa kiɗan da gorunan kawai muke yaɗawa a Facebook, dokar da ta riƙe bikin ba mai waiwayarta.

Yanzu dawo gida. Kai da ke Kajiji, Dam ɗin Shagari a ƙaramar hukumarka yake, kifinsa kuma shi ake soyawa a kasuwanninmu har Boɗinga. Abubuwan da ke kashe ruwayen Arewa ba ɓoyayyu ba ne. Akwai mai zuba Gamalin don kifi ya taso sama ya kwashe. Gubar ba ta zaɓe, manya da 'ya'ya da ƙwai duk tafiya suke, sannan kai ka saya ka ci da yaji, shanu su sha ruwan. Akwai mai jan gidan sauro a matsayin taru, wannan da aka raba kyauta don zazzaɓin cizon sauro. Idonsa ƙanana ne, ko ɗan karfasa mai tsawon farce ba ya tsira. Haba jama'a! Sannan ga mai noman rani da ke wanke tankin feshi a bakin ruwa, shi bai ma san ɓarna yake ba.

Za ka ce aikin gwamnati ne. Jami'i nawa ne zai kwana a bakin dam? Wanda ke can da asuba masunci ne, shi ya san wa ya zuba me. Shi ya sa nake ganin ƙungiyar da za ta yi aiki ita ce ta masu cin abinci da ruwan, matasa a gaba, da goyon bayan hakimi da masu sarautar ruwa. Taron 'yan birni masu riguna iri ɗaya da ɗaukar hoto ba zai hana kowa komai ba.

Doka kuma kada ta yi yawa. A yarda kan girman idon kalli, a ware wani lungu da ba a taɓawa da damina lokacin da kifi ke ƙwai, ƙaramin kifi a mayar da shi. Mai wuyar ita ce wanda aka hana shi gidan sauro, don shi ma yara gare shi a gida. In ba a yi adashi an saya masa kallin kirki ba, cikin dare zai koma.

Wayar da ke hannunka ta isa fara aikin. Je wurin tsofaffin masunta ka tambaye su wane kifi suka daina gani, yauni ne ko bargi, kuma tun yaushe. Naɗi muryarsu, ka tura a zauren WhatsApp na garinku, ka sa ranar zama kafin ruwan farko ya sauka.