Jar wutar bayan babur ba taka ba ce, samari

Duk wanda ya sa almakashi ya datse wayar fitilar bayan babur ɗinsa, sannan ya hau titi da dare a Gudel, tarko ya ɗana wa mutane. Mun daɗe muna ce wa abin ƙuruciya, muna murmushi muna kawar da kai, har ya zama ado. Ni dai na gaji da wannan kawaici.

Ku je ku tsaya bayan isha'i a hanyar da ta nufi gadar Janar Seyni Kunce. Tun da aka buɗe gadar nan a 2021, Gudel ta tashi daga zama gefen Yamai, ta zama mahaɗa. Mai ƙetarawa Harobanda ta nan zai bi, mai gangarowa daga hanyar Tilaberi ta nan zai bi, ga manyan motocin yashi, ga tasi, ga amalanken jaki. A tsakiyar wannan cakuɗi ne yaro zai wuce ka fuu, bayansa baƙi ƙirin, ya taka birki ba tare da ko ƙyallin ja ba. Unguwar da ke da tashar wutar lantarki da matatar ruwan da gari ke sha, amma in aka ɗauke wuta ko tafin hannunka ba ka gani. Wanda ya ga dararen da suka biyo bayan watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta, ya san irin duhun da nake nufi.

Lissafin ba ya buƙatar boko mai zurfi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin idon direba ya gane abin da ke gabansa, ƙafarsa ta bar totur ta kai ga birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce ko fiye, kuma sai bayan nan ne motar za ta fara rage gudu. Jar wuta ana hango ta daga nesa. Babur marar wuta kuwa sai fitilar motar ta dallare shi, kuma in wata mota na tahowa daga gaba tana kashe wa direba ido, sai dai ya ji ƙara. Gobe da safe a ce mai mota ya kashe yaro. Mai motar nan wataƙila malamin makaranta ne da ke komawa gida, zai kwana a hannun ƴan sanda, ya kuma ɗauki nauyin rai har ya mutu, alhali wanda ya kashe fitilar ya yi haka ne da hannunsa, da rana tsaka, yana dariya.

Na ga yadda ake yin aikin a wata rumfar bakanike. An ɗaga sirdi, an kwance noti biyu, an zare gidan fitilar gaba ɗaya har da jan madubin da ke mayar da haske, don wai bayan babur ya tsuke kamar na ƴan tsere. Wayoyi uku da suka rage yaron shago ya murɗe su da yatsa, ya naɗe da guntun baƙar leda, ya cusa ƙarƙashin sirdi kusa da tankin mai. Na ce wa mai babur ɗin, "Ƙanena, wa zai gan ka da dare?" Ya ce, "Baba, ai tana shan batir." Ƙarya ce, ko kuma jahilci. Ƙwan baya na irin waɗannan babura wat 5 yake ci, sai in an taka birki ya haura zuwa 21 na ɗan lokaci. Wanda ya liƙa wa babur ɗinsa lasifika da hon irin na tirela shi ne yake tausayin batir?

Waɗanda suka fi ba ni haushi ma su ne masu cire jar fitilar su sa wata. Wannan ya sa shuɗiya mai walƙiya, wancan ya sa fara fat mai kashe ido, wani ya haɗa ta da birki yadda za ta riƙa rawa kala-kala kamar gidan biki. A kan titi kowane launi magana yake yi: fari na nufin abu yana tunkaro ka, ja na nufin yana gabanka, ja mai ƙarfi na nufin ya taka birki. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta tanadi haka, kuma haka direban da ya fito daga Kotonu ko Wagadugu yake karanta bayanka. Ka sa fara a baya, ka gaya masa ƙarya. Sannan kusan kullum irin wannan haɗi sai an tsallake fis, domin yana ta ƙonewa, a maye gurbinsa da zaren waya. Damina ta zo, ruwa ya shiga ledar, wayoyi su haɗu a ƙarƙashin mazaunin mutum.

Akwai kuma wanda ya cire ta don kada a karanta lambarsa, tun da fitilar ce ke haska ta. Wannan ba sai na ɓata tawada a kansa ba, ya san abin da yake shirin yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Muna jin irin wannan adadi mu ce sai Allah, kamar babu hannunmu a ciki. To akwai hannun bakaniken da ya karɓi ɗari biyar ya datse waya, alhali ya fi kowa sanin amfaninta. Akwai hannun uban da ya sayi Kasea ko Haojue sabo dal ya miƙa wa ɗansa, yana ganin babur ɗin kullum a zaure an yi masa kaciya, bai taɓa tambaya ba. Akwai na abokan fada, masu shan shayi suna tafa wa wanda ya fi kowa lalata nasa.

Masu tsaron hanya kuma, don Allah, bayan takardu a riƙa zagayawa bayan babur. A ce wa mai shi ya taka birki. In ja bai kama ba, kada a tsaya cinikin tara a gefen titi: a riƙe makulli, a aika shi ya sayo ƙwai da gidan fitila, a ɗaura a gaban jami'i, sannan ya tafi. Ya kamata hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ANISER ta bi rumfunan gyara na Gudel ɗaya bayan ɗaya, da Hausa da Zabarmanci, ta gaya wa masu su cewa babur ɗin da aka kama an datse masa waya, za a tambayi mai shi a wace rumfa aka yi aikin.