Jirgi Ya Fasa Tashi: Wa Zai Biya Mutumin Birnin Gwari?

Duk wanda ya tsara dokar haƙƙin fasinjan jirgin sama a ƙasar nan, da mutumin Ikeja ya yi lissafi. Wannan mutumi, in aka ce masa jirgi ya fasa tashi, sai ya ja tsaki, ya hau tasi, ya kwana a ɗakinsa. Mu mutanen Birnin Gwari ba mu da wannan gata. Tsakaninmu da Kaduna akwai kimanin kilomita 120, ta Udawa da Buruku, a gefen dajin Kamuku da ya haɗe da Kuyambana. Shekaru muka yi ba ma bin hanyar nan sai an tara motoci sojoji sun yi rakiya. Daga Kaduna kuma sai a miƙe Kano ko Abuja, domin a can jiragen Jidda da Alƙahira da Adis Ababa suke. Mai zuwa Umra, ɗalibi mai komawa Masar, mara lafiya da likita ke jira a Indiya, kowannensu ya riga ya sa ransa a tafin hannu kafin ya ga ƙofar filin jirgi. Sai wani ma'aikaci ya leƙo da tsakar dare ya ce: “An ɗage, ku yi haƙuri.”

Ku yi haƙuri. Da wannan kalma ake cinye mana haƙƙi, mu kuma mu taya su da cewa haka Allah ya ƙaddara. Ba mu musun ƙaddara. Amma tikiti ciniki ne: mun ba da kuɗi, sun yi alkawarin rana da lokaci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In direban tasha ya karɓi kuɗinka zuwa Funtuwa ya sauke ka a hanya, 'yan kamasho ma ba za su bar shi ya ɓuya a bayan ƙaddara ba. Me ya sa in mai motar ya yi fukafuki sai bakinmu ya mutu?

Abin takaicin shi ne dokar tana nan a rubuce. Sashe na 19 na ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ya ɗora wa kamfani nauyin fasinjan da aka yi wa jinkiri: abin sha da damar kiran waya, abinci in jiran ya yi tsawo, masauki da motar kai shi in abin ya kai ga kwana. In aka soke tafiyar ƙasar waje ba tare da an sanar da kai kwana 7 kafin ranar ba, kana da diyyar aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin tikitinka, ban da mayar maka da kuɗinka ko sama maka wani jirgin. Akwai kuma Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda Najeriya ta shigar cikin dokarta. Ita ta ce kamfani zai biya asarar da jinkiri ya jawo, sai in ya tabbatar ya yi duk abin da zai iya. Tun Disambar 2024 rufin wannan diyya ya haura dalar Amurka 8,000, kuma fasinja na da shekara 2 ya shigar da ƙara. Kuɗin masaukin da ka kama a Kano, kuɗin motar da ka sake biya, duk suna cikin abin da za ka iya nema in kana da rasit.

To, mutum nawa ne a kasuwar Birnin Gwari suka taɓa jin wannan? Kuma in sun ji, ta ina za su bi? An ce su shiga shafin ƙorafi na hukumar a intanet, su cike takarda da Turanci, su ɗora hoton tikiti, su jira. Ana gaya wa mutanen da gwamnatin jiharsu ta katse wa layukan waya daga ƙarshen Satumbar 2021 har wajen wata biyu saboda 'yan bindiga. Haƙƙin da sai mai Turanci da data da lauya zai iya karɓa, an rataye shi ne a inda hannun talaka ba ya kai, sannan a ce ai shi ne bai miƙa hannu ba.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta, a nan ne ranmu ya fi ɓaci, domin mun san abin da ke cikin injin. Kamfanin jirgi yana da sunanka, lambar wayarka, nawa ka biya da ta inda ka biya. Yana da lokacin da aka tsara tashi, yana da mintin da jirgin ya bar ƙasa. Cire wannan daga wancan, a duba ko ya haura abin da doka ta ƙayyade, a tura kuɗi asusunka: ɗalibin aji biyu a jami'a zai rubuta wannan kafin la'asar. Manhajar da ke cajinka kuɗin kilo ɗaya na dabino da zamzam da ya ƙaru a jakarka ba ta taɓa mantuwa. Manhajar da ke cinye tikitinka in ka makara minti goma ba ta taɓa cewa a yi haƙuri. Sai wajen biyanka ne kwamfuta ke zama kurma. Ba kasawa ba ce. An ƙirga ne, an ga cewa cikin fasinja ɗari kaɗan ne za su bi sawu.

Za su ce mana harkar jirgi a Najeriya wuya gare ta: man jirgi ya yi tsada, dala ta yi wahala, hazon hunturu na rufe Kano da Kaduna. Gaskiya ne, kuma doka ta riga ta ware uzurin da ya fi ƙarfin kamfani, irin su yanayi da tsaro. Ba wanda ya nemi diyya daga kamfani ranar 26 ga Maris 2022 da 'yan bindiga suka kai hari filin jirgin Kaduna. Amma sayar da kujerun da suka fi jirgi yawa ba hazo ba ne. Ɗaukar kwangilar da ba ka da jirgin cika ta ba hazo ba ne. A Hajjin 2022 maniyyata fiye da 1,500 ne aka bari a ƙasa har Saudiyya ta rufe filayenta, kusan rabinsu daga Kano, hukumar NAHCON ta fito ta ba da haƙuri. Dattijon da ya sayar da shanunsa, ya jira shekara biyu ta korona, haƙuri aka ba shi.

A wasu wurare an wuce nan. Fasinjan da ya tashi daga Legas zuwa Jamus a jirgin kamfanin Turai, in ya isa a makare da awa 4, dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta ba shi Yuro 600, ba ruwanta da launin fasfo ɗinsa. Amurka tun 2024 ta tilasta wa kamfanoni mayar da kuɗin jirgin da aka soke kai tsaye, ba sai an roƙa ba. Saudiyya ma ta sabunta nata ƙa'idojin a Nuwambar 2023. Kamfanonin da ke zuwa Kano suna bin waɗannan dokoki a can ba gardama. A nan ne kawai suke samun mu da arha.

Mun ga NCAA ta ɗauki mataki kan kamfanoni biyar a Disambar 2024. Madalla, amma tarar da ke shiga asusun hukuma ba ta mayar wa fasinja kuɗin motarsa. Abin da muke nema uku ne. A mayar da diyya ta zama kai tsaye, ta faɗa asusun fasinja cikin kwana 14 ba tare da ya rubuta ko harafi ɗaya ba. A tilasta tura saƙon tes da kiran waya da Hausa zuwa lambar fasinjan kansa, ba ta ejan da ya yankar masa tikiti ba, da zarar kamfani ya san tafiya ta sauya. Sannan hukumar ta riƙa wallafa wa jama'a duk wata wane kamfani ya yi jinkiri sau nawa, kuma mutum nawa ya biya.

Tun sulhun da Gwamna Uba Sani ya ƙulla a ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu, motoci suka dawo hanya. Muna godiya ga Allah. Amma har gobe ba wanda ke shiga dajin nan ya dawo ya sake shiga don nishaɗi. Kamfanin da ya san tun jiya jirginsa ba zai tashi ba, ya bar tsohuwa ta ratsa Buruku da asuba a banza, ya ci amanarta. Ya biya ta, ko a karɓe masa lasisi.