A Buɗe Mana Shafin Lafiya a Laburare

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. To, amma mu matasa, wa muke tambaya game da jikinmu? Kunya ta hana mu tunkarar iyaye da malamai. Bara wata ƙawata ta ga jinin al'adarta na fari, ta kwana uku tana kuka a ɓoye, tana zaton mugun ciwo ne ya kama ta. Da ta sami bayani tun da wuri, da ba ta sha wannan wuya ba.

Saboda haka ina roƙon hukumar makaranta ta buɗe mana shafin intanet na TeensHealth a kwamfutocin laburare. Kyauta ne, kuma likitoci ke duba bayanansa a kan balaga, abinci, sikila da illar shan ƙwaya.

Wasu za su ce zai ɓata tarbiyya. Ni a ganina, jita-jitar ɗakin kwana ta fi ɓatawa. Da yake da Turanci aka rubuta shi don yaran Amurka, sai malamin kimiyya ya riƙa karantawa tare da mu a aji, yana tace mana. Shafin ba likita ba ne, amma zai sa mu gane lokacin zuwa asibiti.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.