Kaka Lokacin Lissafi Ce: Kira Ga Manoman Kurni

Duk shekara idan kaka ta yi, mu ma'aikatan rediyo sanarwar biki ce ke cika mana tebur: ɗaurin aure, zanen suna, tarewar amarya. Da watan Yuli ya kama kuwa, sai saƙonni su koma kukan tsadar cimaka. Abin takaici, sau da yawa gidajen da suka yi sanarwar bikin su ne ke wannan kuka.

Jama'ar Kurni da sauran garuruwan Kance, mu gaya wa kanmu gaskiya. Ba duk talaucinmu ne ƙarancin ruwan sama ya jawo ba. Wani ɓangare nasa mu ne ke saye da hannunmu. Mu ƙaddara magidanci ya kai buhun gero biyar kasuwar Matamai a Nuwamba, ya sayar jika 20 kowane buhu, ya dawo a Yuli ya saya jika 30. Ya yi asarar jika 50 ke nan, ba fari, ba fara. Hatsin da ya noma da guminsa shi zai ciwo bashi ya saya.

Ba mu manta yunwar 2005 da ta addabi jihohin Damagaram da Maraɗi ba. Ba mu kuma manta mutane 92, akasarinsu mata da yara 'yan yankin Kance, da ƙishirwa ta hallaka a hamada kan hanyar Aljeriya a Oktoban 2013 ba. Idan rumbu ya bushe, gida watsewa yake yi.

Wani zai ce ai kuɗin hatsin ya ajiye. To, wane kuɗi? Mu mutanen bakin iyaka mun saba ajiyar naira. A farkon 2023 canjin takardun naira ya bar mutane da tsofaffin kuɗi ana ƙin karɓa. Dalar Amurka da take kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta haura naira 1,500 a 2024. Sefa ma an rage rabin darajarta dare ɗaya a Janairun 1994. Hatsin rumbu kuwa ba gwamnatin da ke sauya masa launi.

Shawararmu ita ce, kafin a sussuka dami ko ɗaya, maigida ya zauna da iyalinsa a yi lissafi. A fitar da zakka. A ƙirga tiya nawa gidan ke ci a rana, a ware abin da zai kai sabuwar kaka, a ware iri. Abin da ya yi saura shi ne na sayarwa, shi ne kuma zai yanke girman biki.

Mun san akwai lalura: rashin lafiya, bashin taki, kayan makarantar yara. Amma akwai mafita da ba ta kai ga karyar da hatsi ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake aiki a Nijar da tsarin warantaj, inda ƙungiyar manoma ke kulle hatsi a mangaza ta karɓi rance, ta biya idan farashi ya tashi. Matanmu kuma sun riga mu wayewa da asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991: zubi kaɗan kowane mako, ga jarin ƙuli-ƙuli, ga akuyar kiwo. Me zai hana maza su yi koyi? Ragon da aka turke tun kaka, ai kafin layya ya zama jari.

Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a shekarun yalwa ya yi tanadin shekarun fari. Masu iya magana kuma sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Muna kira ga limamai, masu gari da shugabannin ƙaramar hukumar Kurni da su yi wannan faɗakarwa tun hatsi na gona. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu ikon tattalinta.