Waƙoƙin Sutudiyo: Wa Zai Adana Mana Su?

Ni ba a cikin Hausa na buɗe ido ba, Banufe ne ni, haifaffen Minna. Rabin Hausar da na shigo da ita jami'a a kasuwa na tsince ta, sauran rabin kuwa a tsohuwar wayar yayana, wadda ya cika da waƙoƙin da ake tura masa ta bulutut a Mobil. Shi ya sa abin ya dame ni da na nemi uku daga cikin waƙoƙin nan domin aikin jinga na waƙar baka, na zagaya wurin masu tura waƙa har biyar, amma ɗaya kacal na samu, ita ma an yanke mata kai.

Bari in ɗan kai mai karatu Ingila kafin mu dawo gida. A watan Janairun 1977, wasu samari huɗu a birnin Manchesta, masu kiɗan da ake kira punk, wato kiɗan matasa masu bore mai sauri da hayaniya, suka ga babu wani babban kamfanin faifai da zai kula su. Sunan ƙungiyarsu Buzzcocks. Sai suka ranto kimanin fam 500 daga 'yan uwa da abokai, suka kafa ɗan kamfaninsu mai suna New Hormones, suka buga faifai 1,000 mai waƙa huɗu, Spiral Scratch. Daga baya ya sayu har wajen 16,000. A lokacin manya sun ɗauke shi shirme, amma yau an san ranar fitowarsa, da wanda ya naɗa shi, da yawan abin da aka kashe.

To, mu ma muna da namu. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 matasan Kano suka riƙa shiga ƙananan sutudiyo da fiyanon Yamaha guda, su rera, su naɗa, su kai kasuwa da kansu, ba sarki, ba ubangida, ba kamfani. Wannan babban sauyi ne a tarihin waƙar Hausa, domin Narambaɗa da fada ya dogara, su kuwa waɗannan da aljihun mai sauraro. Kuma sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2007 an ɗaure Adam A. Zango saboda kundinsa Bahaushiya. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da "Girgiza Kai" ta Nazir Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, da "Hasbunallahu" ta Aminu Ala da abokansa. Shi Ala ma har tsare shi aka yi a shekarar. Haramcin bai hana su yaɗuwa ba, daga waya zuwa waya suka iso mana nan Minna.

Na san abin da wasu abokan karatuna za su ce: waƙoƙin cike suke da Ingausa, wasu da batsa, wasu da zagi. Gaskiya ne, akwai tarkace a ciki, kuma ban ce a yabe su duka ba. Amma yaushe nazari ya zama yabo? Shata ma ya yi zambo mai zafi, ba mu fasa rubuta kundi a kansa ba. Haka aka raina littattafan da aka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, ga shi yau In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ana digiri a kansa. Bambancin shi ne littafi yana jure ajiya a akwati, kaset da faifan sidi da memori kuwa ba sa jira.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce, kowane ɗalibin da ke ɗaukar darasin waƙar baka a ɗora masa nemo waƙar sutudiyo guda ta tsakanin 1998 da 2012, ya rubuta matininta, da sunan mawaƙi, da na makaɗin fiyano, da sutudiyon da shekarar. Ma'aunan da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka za su ɗauki mafi yawan aikin. Ni na fara da guntuwar da na samo. Duk wanda yayansa bai jefar da tsohuwar wayarsa ba, don Allah ya neme ni a aji uku.