Kwamfuta ba rumbu ba ce: a daina sayen ido da kuɗin iyaye

Daga Ƙonni zuwa Malbaza har Illela, da zarar ɗan kuɗi ya shiga hannun kwamitin makaranta, wato COGES, shawara ɗaya ake kawowa: a sayi kwamfuta. Ban ƙi ba. Abin da na ƙi shi ne yadda ake sayen. Ana zaɓen siririya mai ƙyalli, wadda za ta yi kyau a teburin darakta, ba wanda ya tambayi inda za a ajiye kwafin abin da ke cikinta. Alhali abin da ke cikinta ya fi ta tsada: makin yara na shekaru, sunayen masu zana BEPC, hoton takardun haihuwa da iyaye suka sha wahala kafin su samu.

Idan ka yi maganar faifai, sai wani matashin malami ya yi dariya, ya ce zamanin CD ya wuce, ai akwai kile. To, mu duba kilen. Yau yana kwamfutar makaranta, gobe yana shagon mai buga takardu, jibi yana wurin mai tura waƙoƙi a bakin tasha. Wane malami ne bai taɓa buɗe kile ya tarar cuta ta ɓoye masa komai ba? Kuma kile ba a yi shi don ajiyar shekaru ba; idan ya daɗe a aljihun tebur cikin zafi, abin da ke cikinsa yana iya lalacewa. Faifan DVD-R kuwa sau ɗaya ake rubuta shi. Da an rufe shi, babu cutar da za ta shiga, babu wanda zai goge makin wani yaro ko ya ƙara wa ɗan wani. Iyaye, wannan na ƙarshen ku riƙe shi da kyau. Faifai ɗaya yana ɗaukar giga 4.7, CD kuma mega 700, kuma takardun makaranta na shekara guda, in ba an cika su da hotuna ba, ba za su cika DVD ɗaya ba.

Masu cewa a ɗora komai a intanet ma na ji su. Yana da amfani, a yi idan da hali. Amma wa zai riƙa biyan kuɗin data? Kuma lambar sirrin tana hannun wa? Ranar da aka canza wa darakta wurin aiki, da ita zai tafi a kansa.

Saboda haka ga abin da nake kare wa. Yawancin sababbin kwamfutocin hannu ba su da wurin sa faifai, don haka a sayi na'urar rubuta faifai ta waje, mai haɗawa da USB. Kuɗinta bai kama ƙafar na kwamfuta ba. Idan ƴar Kwatano za a saya mai nata wurin faifai, kada a biya sai an rubuta faifai ɗaya a gaban mai shago, an sa shi a wata kwamfutar ya buɗe. Ƙurar hunturu tana kashe idon na'urar nan, kuma ba a gane haka da kallo. A rubuta a hankali, kada a zaɓi gudu mafi sauri, a bar ta ta duba abin da ta rubuta.

Sai wuta. Idan ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, faifan ya tashi aiki. Mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke mana lantarki, kuma tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 ba ta hana ɗaukewar wuta a unguwanninmu ba. Kwamfutar tebur ba tare da batirin riƙe wuta ba asarar kuɗi ce. Ta hannu kuma a tabbata batirinta na da rai.

Shi ma faifan ba waliyyi ba ne. Rana da zafi suna cin sinadarin da ke riƙe rubutun, don haka ba a barin sa kan taga ko ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu. A sa shi cikin gidansa, a rubuta shekara a kai, a yi biyu. Ɗaya ya zauna a ofis, ɗaya a gidan shugaban iyayen yara. A 2024 ambaliya ta sa an ɗage komawa makarantu har zuwa 28 ga Oktoba. Ruwan da ya shiga ofis ba zai tsallake akwatin faifai don yana kusa da kwamfuta ba.

A taron kwamiti mai zuwa, kafin ku sa hannu kan kuɗin kwamfuta, ku nemi a nuna muku faifan bara, a sa shi a buɗe a gabanku.